Gurbin Numfashi

"Ke ce 'yar gidan Cawley?"

Hannuwana suna cikin ruwan wanke-wanke na ji muryar a bayana. Ban buƙaci juyawa ba. Duk garin babu wanda bai san muryar mahaifiyar Fintan Talty ba, ita ke jan waƙa a coci.

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Au, gafarce ni, na ce gida. Baki ne ya saba. Juyo in gan ki."

Na juyo...

Ruwa na ɗiga daga yatsuna kan takalmina. Ta dube ni daga gashi har ƙafa, irin duban da ake yi wa doki a kasuwa in ba a yi niyyar saye ba. Daga cikin zaure ana jin algaitu, kowace na laluben muryarta.

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ta ce gobe Lahadi ɗanta zai zauna gaban dattawa ya yi busa, kuma ta san al'adar taron: duk wanda ya kawo sabon take sai ya faɗi daga wa ya samo shi, in mai shi yana wurin ya miƙe a gan shi. Ta ce ta ji ƙishin-ƙishin ɗin sunan da yake shirin faɗa.

"In ya faɗi sunan nan, ke jibi kin ɗaura doki kin bi hanya yadda kuka saba. Shi kuwa a garin nan zai tsufa da abin a wuyansa. Kin gane?"

Allah ya sani na so in ce wani abu. Amma tun ina ƙarama haka nake, in aka tsare ni da ido sai magana ta koma ciki. Kai kawai na gyaɗa.

Ta ce in zuba mata shayi, kada ya yi kauri. Na zuba. Ta sha a tsaye, ta saki kofin cikin ruwan da nake wanki, ta fita.

Nonie mai girki, wadda tun ɗazu ta duƙufa kan kabeji kamar kurma, ta ɗago kai.

"Da ni ce, gishiri zan zuba mata a madadin sukari. Ke kam Mena, ko kaza ce ta taka ki sai kin ba ta haƙuri."

Ban yi dariya ba. Kofin na ɗauko na yi ta wankewa, har Nonie ta ce in bar shi haka kada in cire masa fenti.

Bara a wannan kicin ɗin muka haɗu da Fintan.

Duk bazara mabusa kan taru a garin nan na bakin teku. Mu kuma 'yan hanya mukan kafa kekunan dokinmu, waɗanda su ne gidajenmu, a gefen hanyar fadama, Baba ya yi cinikin dawaki, ya liƙe bokitan mutane. Nonie ta ɗauke ni wanke-wanke a zauren taron saboda, in ji ta, ba ni da surutu kuma ba na fasa kofi.

Ina son taron nan, ko da yake ban taɓa gaya wa kowa ba. In na ɗauki farantin shayi nakan rage sauri da gangan. A wani ɗaki tsofaffi na kankare kara da wuƙa, suna koya wa matasa yin harshen algaita, suna ɗaga shi wajen taga su ga kaurinsa. A wani ɗakin ana ba juna take, wannan ya busa, wancan ya bi shi har ya zauna masa. Akwai manoman da suke shekara suna busa wa shanu su kaɗai, sai a nan suke gane ashe ba su kaɗai ba ne masu wannan haukar. Akwai wanda ya zo da algaitar mahaifinsa da ta shekara ashirin a ƙarƙashin gado ba ta magana, aka taru a kanta da zare da kakin zuma, kafin la'asar ta yi kuka, shi ma ya yi.

Ni dai shayi nake kaiwa. Babu mai ganin mai kai shayi.

Ranar nan ina feran dankali, ina rera taken Kakana a hankali, da baki kawai, ba kalmomi, yadda ya koya mini. Sai na ji an ce, "Maimaita."

Wuƙar ta faɗi daga hannuna.

Fintan ne zaune kan buhun dankali a bayan ƙofa, da zugazugi ɗaure a damtsensa, salka a ƙarƙashin hammata, ya ɗora algaitar a cinya, irin ta ƙasarmu da salka ke ba iska, ba baki ba. Wai wutar zaure ce ta busar masa da harshen kara, muryar ta shaƙe, shi ne ya shigo neman tururin tukwanenmu. Ya ce ya daɗe a wurin, ya ji kunyar ya katse ni.

"Daga wa kika samo shi?"

Na ce daga Kakana Miley, mahaifin Innata. Ya tambayi ina algaitar tsohon take. Na gaya masa gaskiya, cewa ranar da aka binne shi aka cinna wa kekensa wuta da duk abin da ke ciki, yadda muke yi wa mamatanmu. Fintan ya rufe ido kamar an soke shi.

"Ke nan babu inda taken nan ya rage sai a bakinki?"

Na sunkuyar da kai.

"To ki yi hankali da mura," ya ce. Sai na ji ina dariya, ni da ba na dariya gaban baƙo.

Daga nan ne...

Hunturun nan Baba bai yi nisa da garin ba, saboda ƙafar goɗiyarmu. Duk ranar kasuwa Fintan kan zo bayan tsohuwar katangar dutse da ke kallon teku, da algaitarsa cikin akwati a bayan keke. In rera, ya bi. In ya kauce in girgiza kai, ya sake. Da gangan yakan ɓata wani wurin don ya ga na ɗaure fuska. Ya ce a duniya bai taɓa ganin malami mai tsanani da ba ya magana ba sai ni.

Yakan kawo mini burodin da uwarsa ta gasa, ba ta san bakin da zai ci ba. Yakan kama hannuna da ruwan sanyi ya tsattsage ya sa cikin aljihun kwat ɗinsa.

"Menata," haka yake ce mini. "Abar ƙaunata."

A nan bayan katangar ya yi mini alkawarin. Ya ce ba zai iya tsayawa gaban uwarsa a ɗaki ya faɗa ba, ya san kansa, za ta yi kuka ya narke. Amma a taro, gaban dattawa, in babbansu Baba Packie ya tambaye shi, dole ya faɗi gaskiya, don ba a yi wa take ƙarya. Zai ce Mena Cawley. In miƙe kowa ya gan ni. Daga ranar babu sauran ɓoyo, ko ana so ko ba a so.

Wata da watanni na yi ina koyon miƙewar nan a zuciyata.

Yanzu ga Asabar ta zo, ga abin da uwarsa ta faɗa.

Bayan an ci abincin rana na fita zubar da ɓawon dankali, na same shi a tsakar gida yana jira. Na gaya masa komai, ina kallon bokitin. Ya yi tsaki, ya ce in rabu da Mama, haka take, ko limamin coci tana gyara masa wa'azi.

"Ba dole ba ne, Fintan. Ka busa wani taken."

"Wane? Shekara na yi a kan wannan."

"To ka ce... ka ce a hanya ka ji shi."

Ya ɗago haɓata da yatsa. Idanunsa sun yi ja, na san bai yi barci ba.

"Ke ce hanyar? Masoyiya, ki sa rigarki mai kyau gobe. Ki tsaya kusa da ƙofa inda zan gan ki."

Ya faɗa da ƙarfi sosai. Da ƙarfin da ya fi wanda ake buƙata don ni kaɗai in ji.

Ina komawa kicin na tarar da Dervla Hanrahan zaune a kan teburin yanka burodi tana kaɗa ƙafa. Mahaifinta ne maƙerin algaita ɗaya tilo a yankin, kuma shi ya ce zai ɗauki Fintan ya koya masa sana'ar bayan taro. Abin da Fintan ke mafarki ke nan tun yana yaro. Dervla ta yi karatu wurin 'yan zuhudu, an koya mata waƙa da takarda, gashinta kullum kamar yanzu aka gyara.

Ba ta kalle ni ba. Tana cin tuffa, sai ta fara rerawa.

Taken Kakana.

Daga farko har ƙarshe, babu inda ta kauce. Muryarta ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba. Da ta gama ta ce wa Nonie ai Fintan ya ishe su da shi a shagon babanta, safe da yamma, har kyanwar gidan ta iya.

Sannan ta juyo gare ni tana murmushi.

"Kin san shi ne, 'yar mai liƙin gwangwani? Na ga kin tsaya."

"A'a," na ce.

"Na yi zato. Ai ba irin na bara a kasuwa ba ne."

Nonie ta ce ta sauka daga teburin, burodi ake yankawa a kai ba gindi ba. Ta sauka tana dariya, ta bar mini guntun tuffar a kan faranti.

Da safiyar Lahadi Inna ta gan ni ina goge shuɗiyar rigata da dutsen guga a bakin murhu. Ba ta tambaye ni ba, don ta riga ta sani, a keken doki ba a ɓoye komai. Tana tace shayi ta ce ɗan gari yakan so waƙarmu, ya so dokinmu, ya so 'yarmu ma in ba kowa a wurin. Ta ce ita ba ta ƙi yaron ba, ta taɓa ganinsa ya cire wa Baba hula, abin da ba kowa ke yi ba. Amma ko ya faɗi sunan, ina zan zauna? A ɗakin matar nan, tana ƙirga cokula duk na fita?

"Abin da ya fi ci mini rai," ta ce, "taken mahaifina ne. Shi kaɗai wuta ba ta ci ba. Kin ɗauka kin ba su."

"Zai faɗi sunansa, Inna. Sunan Kaka zai shiga bakin mabusa duka."

Ta daɗe tana kallona.

"Juya in ɗaure miki bayan rigar."

Da azahar zauren ya cika har bakin ƙofa. Ruwa na dukan tagogi, ɗakin na warin jiƙaƙƙen ulu da hayaƙin taba. Aka ajiye kujera ɗaya a tsakiya. Dattawa a sahun gaba, Baba Packie Neylon a tsakiyarsu, hannuwansa biyu kan sanda. Yatsunsa sun daɗe da ƙagewa, bai ƙara busa ba, amma kunnensa kowa na tsoro. Uwar Fintan da Dervla da mahaifinta suna jere a benci ɗaya.

Na tsaya kusa da ƙofa da farantin shayi, don a ce aiki ya kawo ni.

Wasu suka yi, aka gyara musu, aka tafa. Wani Baba Packie ya ce masa busarsa ta yi kyau, saura ya daina yin fuska kamar mai ciwon haƙori. Aka yi dariya.

Sai aka kira Fintan.

Ya zauna. Ya ɗaura zugazugi, ya shimfiɗa 'yar fata a gwiwa, ya cika salka. Ya ɗaga kai sau ɗaya, ya gan ni. 

Ya fara.

Ban taɓa jin taken haka ba, a cikin ɗaki, da manyan bututun algaitar na ruri a ƙarƙashinsa. A zuciyata na ga Kaka tsaye a kasuwar dawaki, ƙafa ɗaya kan akwati. Wani tsoho a gaba ya cire lofe daga baki ya manta bai mayar ba. Kofunan da ke kan farantina suka fara karo da juna, na danne su da babban yatsa.

Da ya gama babu wanda ya tafa. Kowa na jiran Baba Packie.

"Sake mini juyi na biyu," ya ce.

Fintan ya sake.

"Nan. Kun ji?" Tsohon ya buga sanda a ƙasa. "Ka tsaya a tsakiyar hawan. Ka rufe ramuka duka, ka yi shiru, sannan ka ci gaba. Duk zagaye a wuri ɗaya. Algaitarmu ba ta numfashi, yaro, salka ke yi mata. Wannan take ba daga algaita aka ɗauko shi ba. Daga baki ne. Akwai numfashin mutum a ciki."



Ni kaina ban san yana nan ba. Sai a lokacin na ji shi. Lokacin da Kaka ya koya mini, ƙirjinsa ya riga ya lalace, a daidai wurin nan yake tsayawa ya ja iska. Ni kuma ina yarinya na ɗauka haka taken yake. Na tsaya inda ya tsaya, Fintan ya tsaya inda na tsaya.

"Na so shi," in ji Baba Packie. "Kamar mutum ne zai faɗi magana ya ji kunya. To gaya mana. Numfashin wa?"

Na gyara tsayuwa. Na nemi inda zan ajiye farantin.

Fintan ya buɗe baki. Ya dubi ƙofa. Ya dubi bencin nan.

Uwarsa ba ta yi komai ba. Hannu kawai ta ɗora a kan hannun Hanrahan, mahaifin Dervla.

Fintan ya rufe bakinsa.

"Ni ce, Baba Packie."

Dervla ce ta miƙe, tana gyara gashi, kamar mai jin nauyi. Ta ce ita ke rera shi a gida, ba ta ma san inda ta tsince shi ba, Fintan ya ji ya ɗauka.

Aka fara gunaguni mai daɗi, wasu na zunguren juna. Wani daga baya ya ce ashe da dalilin yawan zuwa shago.

Baba Packie bai yi murmushi ba. Ya ce ta rera a ji.

Ta rera. Ta hau hawan nan da numfashi ɗaya, sumul, yadda aka koya mata a makaranta, ba ta tsaya ko'ina ba. Muryarta ta cika zauren.

"Madalla, 'yata. Zauna." Tsohon ya juya ga Fintan. "Ita ba ta tsayawa a nan. Zan sake tambayarka, don ba a yi wa take ƙarya. Numfashin wa ne?"

Ga ƙofa an sake buɗe masa. Ban san ana buɗe wa mutum sau biyu ba.

Na dube shi da duk abin da nake da shi. Fintan, kalma biyu ce. Ko ba don ni ba, don tsohon da ƙirjinsa ya ƙare.

Bai ɗago ba. Yatsunsa yake kallo.

"Ba na kowa ba ne, Baba. Kuskurena ne. Yatsana ke zamewa a wurin."

Baba Packie ya juya kansa a hankali ya bi zauren da kallo, benci bayan benci, har bakin ƙofa. Idonsa ya zauna a kaina. Ko ya sani ko bai sani ba, ban taɓa ganewa ba. Na sunkuyar da kai kan kofuna.

"To," ya ce, muryarsa ta sauka. "In kuskure ne, ai gyara muka zo yi. Cike shi."

Hanrahan ya taso da fara'a, ya tsuguna gaban kujerar, ya nuna masa yadda zai mirgina yatsa ya haɗa wurin. Fintan ya gwada. Ya sake gwadawa. Dattawa na gyaɗa kai, wani na cewa saura kaɗan. A gabana, da rana tsaka, ina riƙe da shayinsu, suka taru suka toshe wurin da Kakana yake shan iska.

Sannan ya busa shi daga farko har ƙarshe, sumul.

Tafi kamar rufin zai faɗo.

Na raba shayin. Kowa ya samu. Uwarsa ta karɓi nata ta ce, "Na gode, 'yata," kuma na rantse da gaske take.

A kicin Nonie ba ta yi tsiya ba. Ta karɓe farantin daga hannuna, ta ce in fita in sha iska, ita za ta ƙarasa.

Ruwan ya tsagaita. Ina tsaye gindin bango ya fito, ko zugazugin bai kwance ba.

"Mena..."

Ban juya ba.

Ya yi ta magana. Ya ce bai san Dervla za ta miƙe ba. Ya ce da ya ƙaryata ta gaban ubanta, da ya kunyata mutumin a idon duniya, da ƙofar shagon ta rufe har abada. Ya ce in ba shi lokaci ya koyi sana'ar, ya tsaya da ƙafarsa, ya buɗe nasa wurin a wani gari inda babu wanda ya san mu. Ya ce zai je wurin Baba Packie shi kaɗai ya gaya masa gaskiya.

"Shi kaɗai," na ce.

"Abar ƙaunata, ki dube ni. Take ɗaya ne kawai. Ni ban canja ba."

Na dube shi. Gaskiya ya faɗa, bai canja ba. Idon nan ne, hannun nan ne mai ɗumi. Shi ne wanda ya ce mini ya san kansa, yana narkewa. Ni ce na ƙi ji.

"Da ka yi shiru kawai, Fintan, da na jira ka. Ko shekara nawa ne. Na san tsoro, tare muka girma da shi."

"To me ya..."

"Ka ce kuskure ne."

Ya kai hannu zai kama nawa. Salkar da ke hammatarsa ta matsu, algaitar ta yi wani ɗan kuka marar daɗi. Da a bayan katanga ne, da mun yi dariya har hawaye.

Daga ciki aka ƙwala masa kira, wai za a ɗauki hoto da dattawa. Ya dubi ƙofar. Ya dube ni.

"Je ka," na ce. "Suna jira."

Ya ce yanzu zai dawo, kada in motsa.

Na tsaya. Kunya ce in faɗa, amma na tsaya, har ruwan ya dawo, har shuɗiyar rigar ta manne a jikina. Daga ciki na ji an sake fara taken, wannan karon mabusa da yawa, kowa na son ya koma gida da shi.

Washegari Baba ya ɗaura dawaki. Inna ba ta ce ta gaya mini ba. Bargo ta yafa mini, ta zauna kusa da ni a gaban keke, muka bi hanyar arewa. Da muka wuce katangar dutse ta ce in taya ta tsince wake, don kada in ɗaga kai.

Ba mu koma garin ba. Da bazara ta zagayo Baba ya ce ciyawar can ba ta da kyau bana, kowa ya yarda, har ƙannena da ba su san komai ba.

Ban ƙara rera taken ba. In ya taso mini ina wanki, sai in haɗiye.

Shekara biyu suka wuce. Wata rana a babbar kasuwar dawaki, ina riƙe da ragamar wani ɗan doki ina jiran Baba ya gama tafa hannu da mai saye, sai na ji shi daga wajen coci.

Ƙafafuna suka tafi ba da izinina ba.

Ba shi ba ne. Wani magidanci ne mai furfura a gemu, zaune kan kujerar da ya aro daga mashaya, mutane sun kewaye shi. Na jira har ya gama, har mutanen suka ragu. Ni da ba na yi wa baƙo magana, sai na ji bakina ya buɗe.

"Malam, don Allah, mene ne sunan wannan taken?"

"Ya shige ki, ko? Kowa haka yake cewa." Ya share goshi. "Taken Dervla Talty ke nan."

"Talty?"

"Eh mana. A taron mabusa na samo shi bara, daga Fintan Talty, shi kuma daga matarsa. Ni fa shekara da shekaru ba na zuwa, ina cewa ɓata lokaci ne. Yanzu ko da rarrafe sai na je. Ina mutum zai sami irin wannan yana zaune a gida?"

Na ce haka ne.

Ya ce tunda na tambaya, zai sake mini shi, kyauta. Ya cika salka.

Na tsaya riƙe da ragama, ɗan dokin na tura mini hanci a kafaɗa. Juyi na farko ya wuce. Na biyu ya fara hawa. Ina jin wurin yana matsowa...

Mabushin ya bi ta kai, bai tsaya ba.

Ni ce na ja numfashin, ni kaɗai, a tsakiyar kasuwa.